Hoto Mai Kyau Da Wayar Da Ke Aljihunka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Talata Mafara, da na Bakura, da na Maradun, da duk garuruwan da ruwan Bakolori ke ratsawa. Manoman da ke bakin fangali da rediyo a rataye jikin reshe, sannunku da aiki. Iyayenmu mata da ke cikin gida, a gaishe ku. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau, da na jami'ar jihar Zamfara da ke Mafara, da na kwalejin aikin gona ta Bakura, ku matso kusa.

Yau maganar hoto za mu yi. Na san wani zai yi dariya ya ce, yaya za a koyar da aikin ido ta kunne, alhali Bahaushe ya ce gani ya kori ji? To, a daure a ji tukuna. Ganin yana tafe, domin duk abin da zan faɗa za ka iya gwada shi kafin rana ta faɗi.

A da, hoto sai da sallah, ko biki, ko in za a yi fasfo na tafiya Makka. A yi wanka, a sa sababbin kaya, a tafi wurin mai hoto, a jira kwanaki kafin a wanko. Yanzu kuwa hoto ya shiga cikin kayan sana'a. Mai albasa ya kira dillali a Kudu, abin da zai fara ji shi ne, turo hoto in gani. Tela yana tallar ɗinkinsa da hoto. Mai kitso da mai lalle haka. Mai kiwon raguna, da Layya ta matso, hoto ne ke yi masa ciniki kafin ƙafa ta taka kasuwa. Manomi yana tura wa malamin gona hoton ganyen da ya kamu da cuta, ɗalibi yana tura hoton takardar shaidarsa. Saboda haka hoto mai duhu ko mai dishi-dishi yana iya karya farashin kaya, yana iya sa a ba manomi maganin da ba shi ne ba.

In ka tambayi mai irin wannan hoto, amsa ɗaya ce: wayata ce ba ta da kyamara mai kyau. Bari in ba ku labarin wani mutum. A Bamako, babban birnin ƙasar Mali, an yi wani mai hoto da ake kira Saidu Keita. Ya buɗe wurin sana'arsa a 1948. Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana. Abin da ya fara ratayawa a bayan mutane ma, zanen shimfiɗar gadonsa ne. Fim yana da tsada, don haka kowane mutum ɗauka ɗaya yake yi masa. Ya rasu a 2001, amma har yau ana rataye hotunan nan a manyan gidajen baje kolin zane na Faransa da Amurka. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamararsa sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi mu shi ne, yakan gama aikin hoton tun kafin ya danna. Ya san inda haske ke fitowa, ya san abin da zai shiga hoton da abin da zai kawar, hannunsa kuma ba ya rawa. Waɗannan ukun su ne darasinmu na yau: haske, da tsari, da saiti.

Mu fara da haske, domin shi ne uwa uba.

Wanda ya taɓa kwanciya da rana a ɗaki mai duhu, mai ƙofar kwano da ƙusa ta huda, wataƙila ya ga siffar masu wucewa a waje tana tafiya jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Wani malami, Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra a shekarar 965 ya kuma yi zamansa a Alƙahira, ya yi nazarin wannan abu. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga jikin abu ya shiga ido, sannan a gani. Kyamarar wayarka wannan ɗaki mai duhu ce aka ƙanƙance. Abin da take kamawa shi ne hasken da ya sauka a kan mutum ya dawo gare ta. In hasken ya sauka da kyau, hoto ya yi kyau. In ya sauka a karkace, ko wayar miliyan ce sai haƙuri.

Mu nan ƙasar Zamfara rana ba ta yi mana rowa, matsalarmu ma yawanta ne. Da tsakar rana tana bisa kai, har ma wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta takan tsaya tsaf, mutum ya taka inuwarsa. Ka tsayar da mutum a fili a wannan lokaci ka duba fuskarsa da kyau. Goshi da karan hanci suna ƙyalli, ramin idanu ya yi baƙi, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, shi kuma ya runtse ido ya yamutse fuska. In malafa ce a kansa, rabin fuskar ta tafi. Wannan hoto ya lalace tun ba a ɗauka ba.

Lokutan hoto biyu ne, kuma duk mun san su. Daga fitowar rana zuwa farkon hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. A lokutan nan rana tana gefe, haskenta mai laushi ne, yana ɗan ja, yana fito da launin fata da na tufafi da na ginin ƙasa. Ga dabara mai sauƙin riƙewa. Da safe, wanda za a ɗauka ya fuskanci wajen gabas, kai mai ɗauka ka ba gabas baya. Da yamma a juya. Sai dai kada ya kalli ranar ido da ido. Ya ɗan karkata, yadda hasken zai zo masa ta gefen kunci. Nan ne fuska ke fitowa da cikarta, gefe ɗaya da haske, ɗaya da 'yar inuwa.

To in dole ce ta kama da tsakar rana fa, kamar ɗaurin aure bayan sallar Juma'a? Sai a nemi inuwa, amma inuwa suna ta tara. Inuwar dogonyaro tana da kyau in ganyen ya yi duhu sosai. In rana na tsiyayowa ta tsakanin ganye, za ka ga fuska da riga sun yi dabbare-dabbare. Inuwar katanga, ko ta rumfa, ko bakin zaure ta fi. Ka tsayar da mutum daga cikin inuwar, dab da bakinta, yana kallon waje, kai kuma kana waje kana kallonsa. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure yana cikin mafi kyawun hasken da za ka samu, kuma kyauta ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya abin: mai ɗauka yana cikin ɗaki, wanda ake ɗauka yana tsaye a bakin ƙofa, hasken waje na bayansa. Abin da zai fito shi ne baƙar siffa, ba ido ba hanci.

Akwai wata matsala tamu ta musamman, wato farar shadda da baƙar fata. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ne ta raba daidai. In ta ga babbar riga fara fat cikin rana, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta fito, ango ya ɓace. Maganinta, a shiga inuwa tukuna. Sannan ka taɓa fuskarsa a allon wayar da yatsa. A yawancin wayoyi za ka ga wata 'yar alamar rana ta bayyana. Ja ta kaɗan-kaɗan har fuskar ta fito, kana lura kada aikin wuyan rigar ya wanke ya ɓace. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu da yawa, ka sa yaro ya riƙe farin kwali ko farin ƙyalle a wannan gefen, a waje da hoton. Zai maido da haske kan fuskar. Gwada ka gani, kana matso da kwalin kana ganin kuncin yana washewa.

Da dare kuwa, filashar waya ba ta wuce taku biyu zuwa uku, kuma tana sa fuska ƙyalli kamar an shafa mai. Gara ka kashe ta, ka samo fitilar sola ko tocilar wata wayar, a haska farin bango ko silin, hasken ya dawo kan mutum a hankali. In ba bango, a riƙe fitilar daga gefe, sama da kai kaɗan. Kada a haska daga ƙasan haɓa, sai dai in tsorata yara ake so a yi.

Hazon hunturu shi ma yana da amfaninsa da illarsa. Yana tace zafin rana, don haka hoton fuska yakan yi kyau ko da hantsi ya dubi ludayi. Amma yana cinye abin da ke nesa, ya dusashe launi. A ranar hazo ka matsa kusa da abin da kake ɗauka. Hoton fili mai faɗi, kamar fadama ko tafki, ka bari sai iska ta washe, musamman bayan an ɗauke ruwan sama da damina.

Za mu ɗan shaƙata, kada a je ko'ina.

(Gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna tattauna yadda za a ɗauki hoto mai kyau da waya. Mun gama da haske, yanzu sai tsari.

Kafin ka ɗaga waya, ka tambayi kanka: hoton mene ne zan ɗauka? Amsar ta zama abu ɗaya. Mu ɗauki kasuwar Mafara ranar Talata. Ga buhunan shinkafa, ga tulin albasa, ga dankali, ga 'yan dako, ga babura, ga masu tallar fura. Sabon hannu yakan tsaya daga nesa ya ce bari in kwashe duka. In ya duba daga baya, sai ya ga cunkoso kawai, ido bai san inda zai sauka ba. Wanda ya ƙware kuwa zai zaɓa. Zai durƙusa gaban mai awo, bayan ya gaishe shi ya nemi izini, ya jira lokacin da hannunsa ke tsiyaya shinkafa a kan tiya har ta yi tozo, sannan ya danna. Hannu, tiya, shinkafa. Wanda bai taɓa zuwa Mafara ba zai ji ƙamshin kasuwar a wannan hoto.

Matsawa kusa da ƙafa ake yi. Wannan jawo hoto da ake yi da yatsu biyu, a mafi yawan wayoyi yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Sai in wayarka na da ido na biyu da aka yi don nesa, wanda za ka ga an rubuta 2 ko 3 a allon. Amma a hoton fuska akwai iyaka. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, in ka kai shi dab da fuska sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ƙanƙance. Ja da baya taku biyu, in ya so ka yanke gefe-gefen daga baya.

Na biyu, duba bayan mutum kafin ka duba fuskarsa. Idonmu yana da kara, yakan kau da kai daga abin da bai dame shi ba. Kyamara ba ta da wannan kara. Falwayar da ke bayan amarya za ta fito kamar daga ɗankwalinta ta tsiro. Igiyar shanya, bokiti, baƙar leda, akuyar maƙwabta, duk za su shiga. Sau da yawa taku ɗaya zuwa dama ko hagu ya isa ya kawar da su. Kuma kada a manna mutum jikin bango. Ya matso gaba taku uku, inuwarsa ta bar bangon, shi kuma ya fito sosai.

Na uku, shiga saitin kyamararka ka kunna layukan raba allo. Za ka ga layi biyu a tsaye, biyu a kwance, sun raba allon gida tara. Amfaninsu biyu. Na farko, daidaita hoto. A ce kana bakin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Layin da ruwa ya haɗu da sama dole ya kwanta daidai da ɗaya daga layukan nan. In ya karkace, mai kallo zai ga kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. In sararin sama ne ya yi kyau, ba shi kashi biyu, ruwa kashi ɗaya. In ruwan ne da kwalekwale, sai a juya. Amfani na biyu, wurin ajiye abin da kake ɗauka. Maimakon masunci ya zauna tsakiyar hoto kullum, ajiye shi inda layi biyu suka gicciye, ka bar fili a gabansa, wajen da kwalekwalen ya nufa. A hoton mutum kuma, idanunsa su zauna kan layin sama. Wannan ba farilla ba ce. Ƙofar gida mai ado iri ɗaya dama da hagu, tsakiya ta fi dacewa da ita. Amma sabon hannu ya fara da layukan har idonsa ya saba.

Allah ya hore mana wani abu a wannan yanki. Aikin noman rani na Bakolori, wanda aka tsara don ya shayar da kadada 23,000, ya ratsa ƙasar Mafara da Bakura da Maradun da magudanan ruwa miƙaƙƙu. Kanal, da kunyoyi, da gefen fangali, duk layuka ne masu jan ido. Ka tsaya yadda kanal zai taso daga kusurwar ƙasa ta hoton ya nufi ciki, a can ƙarshensa ga manomi yana ban ruwa. Idon mai kallo zai bi ruwan har ya isa ga mutumin.

Na huɗu, tsayin da kake ɗauka. Kusan kowa a tsaye yake ɗaukar hoto, waya daidai fuskarsa. Yaro kuwa sai ka durƙusa daidai idonsa. Mai rago, tsuguna daidai ƙirjin ragon, ka ɗauke shi ta gefe, ƙafafu huɗu duk a bayyane, a wuri mai shara. In ka ɗauke shi daga sama, sai kai ya yi girma jiki ya tsuke, ka rage wa kanka kuɗi da hannunka. Lalle, da hula, da abinci a faranti, daga sama tsaf suka fi kyau. Tela ya rataye riga a bango marar ado, ya ɗauki ɗaya gaba ɗayanta, ɗaya kuma kusa da aikin wuya da aljihu.

Masu kitso, ga naku. Wani mai hoto ɗan Najeriya, Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014, ya fara tattara hotunan kitson matan ƙasar nan a 1968, har ya tara kusan 1,000. Da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, bango wayam, ba komai sai kitson. Ke ma za ki iya nuna aikin hannunki ba tare da fuskar kowa ta fita ba, in mai kan ta yarda.

Sai yanka. Kada bakin hoto ya faɗa daidai wuya, ko gwiwa, ko wuyan hannu, ko idon sawu. Ko dai ka ɗauki mutum duka har takalmi, ko daga cinya, ko daga ƙirji. In jama'a ce, dogaye a baya, a matsu sosai, kuma ka danna sau uku, domin ba a rasa mai ƙifta ido.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, mun iso kashi na uku, wato saiti, yadda hoto zai fito tar.

Abu na farko ba ya cin ko kwabo: goge idon kyamara. Waya tana kwana a aljihu tare da goro da makulli, ga maiƙon hannu, ga ƙurar hunturu. Hotuna da yawa da ake cewa waya ce ta tsufa, datti ne kawai. Fara hure ƙurar da baki, don kada yashi ya karce gilashin, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi.

Na biyu, faɗa wa kyamara abin da kake so. In ka bar ta, ita za ta zaɓa, kuma tana iya zaɓar bangon da ke baya ta bar mutumin. Taɓa wurin a allo, in mutum ne ka taɓa ido. In ka danne yatsan na ɗan lokaci, yawancin wayoyi sukan kulle saitin a nan, ba zai sauya ba ko wani ya gifta.

Na uku, rawar hannu. Kyamara tarar haske take yi yadda ake tarar ruwan sama a bakin indararo: in ruwa mai ƙarfi ne, nan da nan roba ta cika, in yayyafi ne sai an jira. Hoton farko da ya wanzu a duniya, wanda aka ɗauka a Faransa wajen 1826, sai da aka bar kyamarar a buɗe na sa'o'i masu yawa. Ta yau da rana tsaka ƙiftawar ido ma ta yi mata yawa, amma a ɗaki ko da almuru takan ɗan jima a buɗe, kuma duk motsin da hannunka ya yi a wannan lokaci zai shafe hoton. Don haka riƙe waya da hannu biyu, manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ɗauke numfashi, ka taɓa a hankali ba tare da ka soki allon ba. Maɓallin ƙara sauti ma yana ɗaukar hoto a yawancin wayoyi. In duhu ya yi, jingina da bango, ko ka ɗora wayar kan turmi ko kujera, ka sa mata agogon daƙiƙa 3 ta ɗauka da kanta.

Manoma, ku kasa kunne. In za ka tura wa malamin gona hoton cuta, hoto ɗaya bai isa ba. Ɗauki fangalin gaba ɗaya, don a ga yadda abin ya bazu. Ɗauki shuka ɗaya daga tushe zuwa sama. Sannan ka ɗauki ganyen kusa, sama da ƙasansa, domin ƙwari da ƙwayayensu sun fi ɓuya a ƙasan ganye. Sa tafin hannunka ko farar takarda a bayan ganyen, don kyamara ta san shi kake nufi. Ajiye tsinken ashana a gefe, a gane girman tsutsar. Kada ka kai wayar kusa fiye da faɗin tafin hannu, domin yawancin wayoyi ba sa iya saiti a ƙasa da haka. Kuma da sassafe ya fi, kafin iska ta tashi ta riƙa kaɗa ganyen.

Ɗalibai masu ɗaukar takarda, shimfiɗa ta a wuri mai lebur kusa da ƙofa ko taga. Wayar ta kwanta tsaf a samanta, kusurwa huɗu duk su fito. Kashe filasha, musamman in takardar an lulluɓe ta da roba, kuma ka lura kada inuwar wayar ta faɗa kan rubutun.

Abu mai gudu kuma, kamar doki ranar hawan sallah, kada ka bi shi da waya kana lalube. Zaɓi wurin da ka san zai bi, ka kulle saiti a nan, ka jira. Yana isowa ka yi ta ɗauka a jere, daga baya ka zaɓi ɗaya.

In ka zo turawa, ka sani WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data. Tun 2023 ya sa alamar HD da za ka taɓa kafin ka tura, ko kuma ka tura hoton a matsayin takarda, ya isa yadda yake. Masu saye da sayarwa, a yi hattara da kwalliyar da ke sauya launi. In atamfa ruwan goro ce, ta fito ruwan goro. Wanda ya ga wani launi a hoto aka kawo masa wani, ba zai dawo ba, kuma akwai hakki.

Wannan ya kawo mu ga ladabin sana'ar. Kada ka ɗauki kowa sai da izininsa. Matan aure, da 'yan mata, da yara ƙanana, sai da yardarsu da ta magabatansu, kuma izinin ɗauka daban, izinin sakawa a Facebook ko TikTok daban. Halin tsaron da muke ciki ba ɓoyayye ba ne. Kada ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro. Wuri mai masu gadi, kamar jikin madatsar ruwa, ka tambaye su tukuna. Kada neman hoto ya kai ka dajin da hankali bai kwanta da shi ba. Ka duba saitin kyamararka ka kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Hoton gawa, ko na wanda hatsari ya rutsa da shi, ba abin yaɗawa ba ne, yana da iyaye da 'yan'uwa.

Matasa, ga abin da ya sa na dage a kan wannan darasi. A Maiduguri, lokacin da duniya ba ta jin komai game da Borno sai tashin bam, wata baiwar Allah mai suna Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a 2015 ta shiga gari. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da masu biki, tana sakawa a shafin da ta kira Bits of Borno, har manyan kafafen labarai na duniya suka waiwayo. Yau in baƙo ya nemi hoton Zamfara a intanet, mun san irin abin da zai fara gani. Shinkafar Bakura, da kifin Bakolori, da cikar kasuwar Mafara, da sabon ɗinkin telan Maradun, ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya ɗaukar mana su. Ku ne a wurin, ku ne da wayar.

Ga aikin gida. Ka zaɓi abu ɗaya, ko ƙanenka, ko tulu, ko ƙofar gidanku. Ka ɗauke shi da hantsi, ka sake da tsakar rana, ka sake bayan la'asar, daga wuri ɗaya. Jera ukun ka duba inda inuwa ta faɗi a kowanne. Washegari ka maimaita, amma wannan karon ka sauya wurin tsayuwa: a tsaye, a tsugune, ta gefe. Wanda ya yi mako guda yana wannan, zai ga bambanci a hotunansa ba tare da ya sayi sabuwar waya ba. In ka koya, ka koya wa na kusa da kai, musamman iyayenmu masu sana'a a cikin gida.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a noma da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)